Filin Likita: Allurar Ceftriaxone da Fitsari Mai Kalar Baƙin Shayi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara shida yana da sikila. An kwantar da shi saboda zazzaɓi, aka sa masa allurar ceftriaxone. A rana ta uku, ko awa ɗaya ba a yi da allurar ba ya fara kukan ciwon baya, jikinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. An yi masa ƙarin jini, yanzu kuma an ce ƙodarsa ta taɓu. Ba karon farko ke nan da aka yi masa wannan allura ba, to me ya sa sai yanzu? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Likitocin da ke duba shi ne za su tabbatar, amma bayaninki ya yi daidai da fashewar jajayen ƙwayoyin jini da garkuwar jiki ke haddasawa a dalilin magani. Abin ba ya yawan faruwa, ana ƙiyasta kamar mutum ɗaya cikin miliyan a shekara. Magungunan da aka fi kamawa da shi su ne ceftriaxone, cefotetan da piperacillin.

Amsar "me ya sa sai yanzu" tana cikin tambayarki. Alluran da aka yi masa a baya su suka ba jikinsa damar ƙera sinadaran yaƙi da maganin. Da aka sake sa shi, sinadaran suka haɗu da maganin a jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka tayar da wani rukunin garkuwa da ake kira komfiliment, wanda ke huda ƙwayar tun tana cikin jijiya. Ƙwayar da a jikin mai lafiya kan yi kamar kwana 120 sai ta fashe cikin mintuna. Shi ya sa yara masu sikila da masu ɗauke da ƙanjamau suka fi shiga wannan hatsari: su aka fi maimaita wa allurar. Irin wannan fashewar da maganin penisilin ke jawowa kuwa ta fi zuwa a hankali, bayan mako ɗaya ko fiye ana ba da shi da yawa, kuma a saifa ake lalata ƙwayoyin.

Ita ƙoda ta taɓu ne ta hanya uku. Himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, da ya zubo daga ƙwayoyin ya fi ƙarfin furotin haftogulobin da ke kwashe shi, sai ya bi matatar ƙoda ya shiga ƙananan bututunta, sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ya ƙona bangonsu. Yana kuma dunƙulewa ya toshe su. Sannan yana matse jijiyoyin da ke shayar da ƙodar a daidai lokacin da bugun jini ya faɗi. Nan ne fitsari ke raguwa, sinadarin fotasiyam ya taru, wanda idan ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya.

Abu na farko, kuma mafi girma, a daina maganin nan take. Mafi munin kuskure shi ne a ɗauka ciwon sikilar ne ya tashi, ko zazzaɓin ya yi tsanani, a ci gaba da allurar. Kowace allura da aka ƙara tana iya fin ta baya muni. Daga nan sai ƙarin jini ba tare da jinkiri ba, da ƙarin ruwa gwargwado, ana auna fitsari kowace awa. Idan ya gaza rabin mililita a kowane kilo na nauyin jiki a awa har tsawon awa 6, ƙoda na cikin matsala. Yaro mai kilo 20, misali, bai kamata ya yi ƙasa da mililita 10 a awa ba. Kada a ba shi diclofenac, ibuprofen ko gentamicin a wannan hali, don suna iya ƙara cutar da ƙodar. Idan fotasiyam ya ƙi sauka ko ruwa ya taru a huhu, sai wankin ƙoda, kuma kada wannan ya firgita ki, don sau da yawa na ɗan lokaci ne, ƙodar kan farfaɗo cikin makonni. A sake gwada ta bayan wata 3.

Idan aka sallame ku, a rubuta sunan maganin ɓaro-ɓaro a katinsa na asibiti, ki riƙe wata takardar a jaka. Ba zai sake karɓarsa ba har abada, ko da an kira shi Rocephin ko wani suna na kamfani. Danginsa na sefalosforin ma sai da shawarar likitan jini.

Tambaya: Ni ma'aikacin lafiya ne a karkara. Ta yaya zan bambanta wannan da maleriya? Daga wani malamin asibiti a Maraɗi.

Amsa: Malam, fara da lokaci: yaushe aka yi allurar ƙarshe? Tsinken gwajin fitsari zai nuna jini, amma a madubin ƙara girma ba za ka ga ƙwayoyin ba. Wannan ya nuna fashewar jini, sai dai bai faɗi sanadi ba, domin maleriya mai tsanani ma tana yin haka, da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini bayan shan Septrin ko primaquine, da fashewar da kan biyo allurar maleriya ta artesunate bayan mako ɗaya zuwa uku. Mai taimakawa wajen rarrabewa shi ne gwajin Kumbs, wanda aka ƙirƙiro a Kambirij ta Ingila a 1945. Yana nuna sinadaran garkuwa manne a jikin ƙwayar, kuma duk inda ke da ma'ajiyar jini ta sosai ana iya yin sa. Ka ɗebi jinin gwajin kafin ƙarin jini. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai ta, ka tsayar da allurar, ka tura mara lafiya babban asibiti da takarda mai sunan maganin, adadinsa da lokacin da aka yi.

Muna roƙon ku ma'aikatan lafiya da masu kyamis ku daina buga ceftriaxone ga kowane zazzaɓi da sunan taifot bisa gwajin Widal kaɗai. Wannan maimaitawar ita ke koya wa jikin yaro yaƙi da maganin da wata rana zai buƙace shi don sanƙarau.