Tambaya da Amsa: Shirya Bita ga Masu Bincike

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a Marwa, ƙasar Kamaru. An ɗora mini nauyin shirya bitar kwana uku ga ɗaliban digiri na biyu da na uku da wasu ma'aikatan bincike, a kan tsara madogara da sarrafa bayanai. Mutum 45 suka rubuta suna. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya dafa maka. Fara da raba mutanen nan, don 45 a ɗaki ɗaya lacca za ta koma. Kasa su uku, sha biyar-sha biyar, ka kuma nemi mataimaki ɗaya ga kowane mutum bakwai ko takwas, wanda zai riƙa zagayawa yana leƙa allon kwamfutar kowa. Wajen rabon ka kula da girma. Ɗalibi ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba alhali malamin da ke duba kundinsa na zaune gefensa, shi ma babban ba zai so ya yi ta lalube a gaban ɗalibansa ba. Ware wa manya nasu rukunin.

Mako guda kafin bitar ka tura musu 'yan tambayoyi: wace irin kwamfuta ce da kai, kana da Word ko LibreOffice, ina ka kai a bincikenka, me ya fi ci maka tuwo a ƙwarya? Sannan ka sa rana ta musamman ta girka manhajoji. Sauke Zotero (manhajar tsara madogara) da R da RStudio (manhajojin sarrafa bayanai) a filashi biyu ko uku tun da wuri. Idan aka bari sai ranar buɗewa, mutum sha biyar a kan intanet ɗin waya ɗaya za su cinye safiyar gaba ɗaya.

Tsarin darasi kuwa, nuna abu na minti 15, ka bar su su yi da hannunsu na minti 30 ko 40, kowa a kan nasa aikin. Wannan shi ne ƙashin bayan bitar. Wanda ya zo da maƙalu goma na bincikensa ya shigar da su Zotero da kansa, ba zai manta ba.

Zotero kyauta ce, kuma sassa uku gare ta: manhajar kanta, ƙaramin haɗin da ke zama a burauza, da shafin da ke fitowa a cikin Word. Na ukun ne ya fi ba da ciwon kai. In bai fito ba, a rufe Word, a shiga saitin Zotero a sake girka shi. Takardar PDF da aka ɗauka hoto daga littafi ba ta da rubutun da manhajar za ta karanta, don haka sai an cika bayananta da hannu. A kuma duba sunayen marubuta ɗaya bayan ɗaya. A takardun Faransanci ana yawan fara rubuta sunan dangi da manyan baƙaƙe, sai sunan yanka ya faɗa gurbin da ba nasa ba, jerin madogara ya fito a hargitse. Ma'ajiyar kyauta ta intanet megabayit 300 ce, fayilolin PDF kuma kan cika ta da wuri.

Akwai wani tarkon da ya shafe mu a wannan yanki. Excel ɗin da aka saita da Faransanci yana rubuta 12,5 inda na Turanci ke rubuta 12.5, kuma alamar (;) yake sawa maimakon waƙafi tsakanin ginshiƙai a fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin jadawalin bayanai. Da an buɗe shi a R da umarnin read.csv, sai bayanan duka su cure a ginshiƙi ɗaya. Maganinsa a buɗe shi da umarnin read.csv2. Masu rubuta hirarraki da Fulatanci ko Hausa kuma su adana fayil a tsarin UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ za su koma alamomin tambaya. Ka nuna musu waɗannan kurakuran da gangan a majigi, su ga yadda suke kama.

Sa abu mai wuya da safe. A Marwa zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, bayan Azahar kai ba ya ɗaukar sabon abu. Tanadi janareto da mai, da wayoyin jona masu soket da yawa, ka kuma buga matakan kowane darasi a takarda saboda ɗaukewar wuta. Ko da Faransanci ake koyarwa, ƙyale maƙwabta su fassara wa juna da Fulatanci ko Hausa. Takardar shaida kuwa, a ganinmu kada a bayar sai mutum ya miƙa aiki, ko da shafi biyu ne masu madogara goma a tsare, cikin mako biyu bayan an tashi.

Tambaya: Daga Njamena nake. Ɗalibanmu na kukan tsadar mujallun bincike. Me za mu koya musu a bita?

Amsa: Malama, ki fara tuntuɓar ɗakin karatun jami'arku a kan Research4Life, shirin da ke ba cibiyoyin ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun bincike kyauta ko da rahusa. Cadi da Kamaru duk suna cikin ƙasashen da suka cancanta, kuma cibiya ce ke rajista, ba mutum ɗaya ba. A ciki akwai Hinari na lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma. Ki karɓi bayanan shiga ki gwada su kwana biyu kafin bitar. Ki nuna musu AJOL, inda ake tara mujallun Afirka, sannan kowa ya buɗe lambar ORCID tasa, wato lambar shaidar mai bincike, a nan take, da adireshin imel ɗin da zai ci gaba da amfani da shi bayan ya gama karatu.