Liban jirgina ya yi tauri: kebul ne ko giya?

Tambaya: Na sayi jirgin ruwa tokumbo mai injin MerCruiser da ƙafar Alpha One, irin wanda injin ke ciki, ƙafar farfela kuma ke waje ta baya. Liban giya da totur ya yi tauri, sai na sa hannu biyu, kuma injin kan mutu idan zan fita daga giya. In ɗura mai a kebul ɗin? — Mai karatu daga Legas

Amsa: Kada ka ɓata manka. Kebul ɗin a rufe yake, idan ruwan gishiri ya shiga ya yi tsatsa, mai zai sassauta shi na mako guda ne kawai. Ka kuma daina danna liban da ƙarfi, abin da zai karye ya fi kebul tsada.

Fara gano inda taurin yake. Kashe injin, ka cire kebul biyun da suka fito daga akwatin liba ta wajen inji: na totur a jikin kabureta, na giya a kan farantin giya, wato ƙarfen da ke jikin inji inda ake ɗaure kebul ɗin giya. Motsa liban. In har yanzu da tauri, duba sukurun da ke ƙara wa liba nauyi, wasu kan ɗaure shi fiye da kima. Sannan ka bi kebul ɗin da hannu har baya. Lanƙwasar da ta fi ta da'ira mai nisan inci 8 daga tsakiya matsewa, ko fatar da ta tsage ta kumbura, ta isa ta jawo wannan. Tsawon kebul yawanci a rubuce yake a jikin fatarsa, da shi za ka sayi sabo. Totur kuwa ba shi da wuya: taɓa hannun kabureta da yatsa, ka duba sifirin da mahaɗin da ya yi tsatsa, ka wanke ka sa giris.

Amma mutuwar injin nan ita ta tona asiri. Alpha na da kebul ɗin giya na biyu, na ƙasa, wanda ya tashi daga farantin giya ya ratsa bayan jirgi ta cikin wata roba mai nannaɗe zuwa ƙafa. A kan farantin akwai ƙaramin makunni da ke yanke wutar inji na ƙiftawar ido don giyar ta saki. Idan kebul na ƙasa ya cije, sai ya danne makunnin ya daɗe, injin ya mutu. Gwada kebul na ƙasan da hannu yayin da wani ke juya maka farfela, inji a kashe, makulli a aljihunka, domin haƙoran giyar Alpha ba sa shiga sai farfela na motsi. Masu ƙafar Bravo, wani samfurin ƙafar MerCruiser, kada su gwada haka, tasu ba a sa mata giya sai inji na aiki.

Canza kebul na ƙasa sai an fito da jirgin tudu an sauke ƙafar, noti shida ne, kuma sai tana giyar gaba za ta fita ta koma. Ka canza robar tare da shi, don ta nan ruwan ya shiga, kuma hudajjiyar roba na iya cika jirgi da ruwa yana ɗaure a gaɓa. Bayan an haɗa, a duba silo, wato gudun inji ba a danna totur ba: ya tsaya wajen juyi 650 zuwa 700 a minti cikin giya. In ya haura haka, giyar za ta ci gaba da gardama ko da sabon kebul.