Tambayoyinku: laftof da babban allo

Wani daga unguwar Zaria a Maradi ya ce: Malam na haɗa laftof da talabijin da wayar HDMI amma abu ɗaya nake gani a duka biyun, ni so nake kowane allo da nashi aiki.

Danna maɓallin Windows da P tare, ka zaɓi na uku a jerin. Ko taka da Faransanci take magana ko da Turanci, na ukun dai. Shikenan.

Wata ɗaliba a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: na sa tsohon allo mai VGA, hoto ya fito amma ba sauti.

Malama ai ba zai fito ba. Wannan wayar ta VGA mai shuɗin kai da allurai 15 hoto kawai take ɗauka, ki bar sautin a laftof ɗin ko ki jona sifika. In za ki sayi adafta kuma ki duba da kyau, mai kai HDMI zuwa VGA ba ta aiki a juye.

Wani daga Tibiri: na gyara saiti yadda ko na rufe murfin laftof ba ta barci, ina aza ta kan katifa mu kalli ƙwallo a babban allo, amma ana tsaka da wasa sai ta mutu da kanta. Ko cuta ce ta shiga?

Alhaji ba wata cuta, kai ne cutar! Wallahi na gaji da wannan magana. A Maradi, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ka rufe na'ura ruf ka kwantar da ita kan katifa kamar jaririya, to ta ina kake so ta sha iska? Yawancinsu ta ƙasa suke jan iska, fanka ta busa zafin ta gefe ko ta wajen gindin murfi, katifa ta toshe ƙasan, in zafi ya kai maƙura sai ta kashe kanta don kar ta ƙone, wato ta fi mai ita hankali kenan. Rannan aka kawo min wata a shago, da na buɗe ƙurar hunturu ta daskare a bakin fankar kamar auduga, sai da na ciro ta da tsinke, mai ita yana tsaye yana rantsuwa wai bai taɓa barinta a ƙasa ba. Batir ma zafi ke kumbura shi, ka ga wajen linzamin ya ɗago. Ni abin da nake yi: tebur, marafan kwalba biyu a ƙarƙashi ta baya, murfi a buɗe, Windows da P in zaɓi na huɗu, ƙaramin allo ya mutu babban ya ci gaba. Wa ya ce dole sai an rufe?

Na ƙarshe: ramin USB-C na laftof ɗina ba ya fitar da hoto.

Ba kowane rami ke iyawa ba, wani caji da fayil kawai yake yi. Duba gefensa ko akwai alamar walƙiya ko harafin D, in babu ka nemi bayanin samfurin laftof ɗin kafin ka sake ɓarnar kuɗi kan wayar haɗi.