Hukuncin tara cokulan tsaraba na ƙasashen waje

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Duk ƙasar da na je nakan sayo ƙaramin cokalin nan mai tambarin garin, na jera su a kabad ɗin falo. Ba ma cin abinci da su. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, tara irin wannan tsaraba halal ne a asali, matuƙar babu almubazzaranci. Abin dubawa shi ne ƙarfen da aka ƙera cokalin da shi, sai kuma abin da ke kan mariƙinsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Huzaifa cewa Annabi (SAW) ya hana ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa, kuma cokali yana cikin hanin. Ajiyewa ba tare da amfani ba a nan aka yi saɓani. Hanafiyya sun halatta don ado. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa mallakarsu ma haramun ce, ko da ga mace, domin abin da aka halatta mata shi ne adon jiki. Wannan na fi natsuwa da shi, don abin da ke kabad yau, ranar suna ko biki ana iya ɗauko shi a dama shayi.

To ki juya bayan kowane cokali. In kin ga 925, 835 ko 800, ko ɗan hatimin zaki mai tafiya na Ingila, azurfa ce. In EPNS aka rubuta, wankin azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe; in alpaka aka rubuta kuwa, wani ƙarfe ne da babu azurfa a cikinsa sam. Kada ki dogara da mayen ƙarfe, domin kamar azurfa, tagulla ma ba ta kama shi. Wanda ba shi da hatimi a kai wa maƙerin farfaru ya gwada. Cokali mai wankin azurfa akwai zance biyu a kansa, kuma ina ganin siririn wankin da ko an kankare ba a tara komai bai hana ajiyewa ba. Da yawa daga cikin cokulan da ake sayarwa a filayen jirgi irin waɗannan ne.

Na azurfa zalla a narkar a yi miki awarwaro ko zobe, ko a sayar wa maƙeri hannu da hannu, ba bashi. Kafin nan zakka tana kansu: nisabi giram 595 ne, ana haɗa nauyinsu da kuɗin da kike da su, in shekara ta kewayo a fitar da 2.5 cikin 100.

Hasumiyar birnin Paris, fure, tuta ko sunan gari duk babu laifi. Gicciye a cire shi, domin Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Haka cikakken mutum-mutumi mai inuwa, irin na waliyyan Kirista da ake ɗorawa a kan wasu cokulan Turai: a gutsure kan, sauran ya zauna.

Allah ne mafi sani.