Halin Mahaifina Ya Biyo Ni, Ya Kuma Kama Ɗana: La'ana Ce?

Tambaya: Ni magidanci ne a Kafanchan, ina da 'ya'ya huɗu. Mahaifinmu mutum ne mai zuwa coci, amma a gida sai zagi da duka, bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Na yi alkawari ba zan zama kamarsa ba. Yanzu idan raina ya ɓaci, kalmominsa nake ji suna fita daga bakina. Babban ɗana mai shekara 13 ya fara yi wa ƙannensa tsawa haka, har mahaifiyarsa yake ɗaga wa murya. Wani ya ce mini la'anar gado ce, sai an yi mini addu'ar kuɓutarwa. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, masu maganar la'anar gado sukan kafa hujja da Fitowa 20:5, inda aka ce alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Amma ka karanta ayar har ƙarshe: ana magana ne a kan waɗanda suke ƙin Allah, wato zuriyar da ta ci gaba da bin hanyar iyayenta. Sa'an nan ka buɗe Ezekiyel 18. Mutanen Isra'ila suna da karin magana cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya hana su faɗinsa. Daga aya 14 zuwa 17 an kawo misalin ɗan da ya ga duk zunubin ubansa, ya yi tunani, ya ƙi aikata irinsa, aka ce zai rayu. Sarki Ahaz ya rufe ƙofofin Haikali, har ya ƙone ɗansa hadaya. Ɗansa Hezekiya, da ya hau mulki yana da shekara 25, a watan farko na shekararsa ta farko ya buɗe ƙofofin nan ya gyara su.

To me ya biyo ka? Koyo. Shekara da shekaru kana kallon yadda namiji yake yi idan ya fusata, hanya ɗaya kawai ka gani, jikinka ya haddace ta. Yakubu ya ɗanɗana zafin nuna bambanci, domin mahaifinsa Ishaku ya fi son ɗan'uwansa Isuwa saboda naman farauta. Da ya zama uba, shi ne ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman a gaban 'yan'uwansa. Ƙin hali ba ya hana mutum maimaita shi. Ka yi addu'a, ka sa a yi maka, amma wanda ya ce da dare ɗaya na addu'a an gama, ya rage maka gaskiya. Abin da aka koya da kallo, da kallo ake warware shi, kuma ɗanka yana kallonka yanzu.

Fara da abin da mahaifinka bai taɓa yi ba. Ka kira yaron shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba, ba kuma ranar da kuka yi faɗa ba. Ka ambaci laifin da sunansa: "Ranar Talata na ce maka ɗan banza. Ban kyauta ba, ba haka Allah ya ce uba ya yi ba. Ka yafe mini." Ka tsaya a nan. Yawancin ubanni a wannan gaɓa suke ɓata abin, su ƙara da "amma kai ma ka san halinka." Da ka faɗi wannan, ban haƙurin ya koma sabon faɗa. Laifin yaron yana nan, za a yi maganarsa, amma wani zama dabam. Kada ka damu idan ya yi shiru yana kallon ƙasa, ko ya ce "to" ya tashi. Bai taɓa ganin irin wannan ba, bai san yadda ake amsawa ba. Kuma girmanka ba zai zube ba. Abin da yake zubar da girma shi ne yaro ya ga kana karanta Nassi a coci ranar Lahadi, ranar Litinin kana zagin uwarsa.

A nan ne babban aikin yake, a ganina. Yaro ba ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya sai ya ga an buɗe masa ƙofa. Ka duba yadda kake kiranta, yadda kake amsa mata idan ta tambayi kuɗin cefane, ko kana kushe girkinta a gaban yara. Ku yi yarjejeniya cewa saɓaninku a ɗaki za a yi shi. Idan yaron ya yi mata tsawa, kai za ka tsawatar, da murya ƙasa: "Ba a yi wa matata magana haka a gidan nan, ni ma ban da iko." Kalmar ƙarshen nan ce take shigarsa.

Game da horo, kada ka tsallaka zuwa ɗaya gefen. Mazan da suka sha duka sukan koma ba sa cewa komai, su bar wa uwa. Eli firist ya yi wa 'ya'yansa Hofni da Finehas magana mai laushi bai hana su ba, an kuma rubuta a 1 Sarakuna 1:6 cewa Dawuda bai taɓa tambayar ɗansa Adonija me ya sa ya yi kaza ba. Afisawa 6:4 ta haɗa biyun: kada ku tsokani 'ya'yanku su yi fushi, amma ku goye su da horo da gargaɗin Ubangiji. A aikace: ba hukunci cikin fushi. Idan ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi, ka ce "za mu yi magana bayan cin abinci," ka fita tsakar gida minti goma. Ka dawo ka faɗi laifi ɗaya, ba tarihin shekara ba, ka yanke hukuncin da ya dace da shi, kamar hana ƙwallo na kwana uku ko biyan abin da ya fasa daga kuɗinsa. Ka cika abin da ka faɗa. Bulala a shekara 13 ɓoyo take koya wa yaro, ba tuba ba.

Addu'ar iyali kuwa, minti goma zuwa sha biyar ya isa: waƙa ɗaya, 'yan ayoyi, tambaya ɗaya, addu'a. Kai ka zauna a ciki, kada ka ce "ku je wurin mamarku." Ka ba babban ya riƙa karantawa. Abu biyu suke kashe ta: tsawaitawa har yara su yi gyangyaɗi, da mayar da ita kotu, inda ake zaɓo aya don a harbi wanda ya yi laifi da rana. Yaron da aka yi wa haka zai ƙi Littafin tare da mai karanta shi.

Za ka sake faɗuwa, kuma yaron zai gwada ka da gangan ya ga ko canjin na gaske ne. Ka lissafa da watanni, ba makonni ba. Ka nemi dattijo ɗaya a Zumuntar Maza ta cocinku wanda ka ga yadda 'ya'yansa suke sakewa da shi, ka ba shi izinin tambayarka kowane mako, ya kuma tambayi uwargida. Idan dukan ya taɓa kai ga rauni, ko ya taɓa matarka, ko akwai giya a ciki, kada ka tsaya a kan waɗannan matakai kaɗai. Ka je wurin fasto a wannan makon ka faɗi komai, ku nemi ƙwararren mai ba da shawara tare.