Zamarke zai iya maye gurbin takin zamani a gonar shinkafa?

Malam, ka tambaya ko shuka zamarke a binne zai wadatar ba sai an sayi buhun taki ba. Gaskiya ba zai wadatar ba, amma zai rage maka kuɗin yuriya sosai.

Ka shuka shi a fadamar, in ya kai kwana 45 zuwa 50, tun kafin ya yi fure karansa ya yi tauri, ka kaftar da shi cikin laka. Bari ya ruɓe kamar mako guda, sannan ka dasa shinkafar. In ka tuge zamarke ɗaya za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, nan yake tara naitirojin, sinadarin da yuriya ke bai wa shuka.

Sai dai ba ya ƙaro fosfaras, wani sinadarin da shinkafa ke buƙata, don haka takin NPK, mai ɗauke da shi, wajen dashe dole ne. Yuriya kuwa ka ajiye ta sai shinkafa ta fara ɗaukar ciki.