Ina jin masu zaburarwa kullum, amma kuɗin jarina da na cefane aljihu ɗaya suke

Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12 da ke Legas ya turo tambaya: "Malam, kowane dare sai na kalli masu ba da ƙwarin gwiwa a TikTok da Facebook. In na gama ji nake kamar gobe zan sayi tirela. Na sha sayen littafin lissafi, ban taɓa cika sati biyu ina rubutawa ba. Har yau kuɗin jari da na cefane aljihu ɗaya. Ni ne da laifi ko su?"

Alhaji, ba ragwanci ne ya kama ka ba. Mutumin da ke tashi tun kafin asuba ya tarbi motar kaya daga Arewa ba rago ba ne. Matsalar ita ce abin da kake saurara yana ba ka zumuɗi, bai ba ka aiki ba. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York, ta daɗe tana nazarin wannan, ta gano cewa in mutum ya yi ta hasko kansa cikin nasara kawai, zuciya takan ji kamar an riga an isa, sai kuzari ya ragu. Wanda ya hasko burin tare da abin da zai tare masa hanya shi ne ya fi motsawa.

To me ke tare maka hanya? Ina kyautata zaton ba littafin ba ne, lokacin ne. Ka ce "zan riƙa rubutawa", ba ka ce yaushe ba, alhali a Mil 12 ba a samun sarari sai an ƙwato shi: dillali na kira, 'yan dako na jiran sallama, mai saye na ta taya kaya. Ka ɗaure rubutun da abin da ba ka taɓa fashinsa. In ka idar da sallar La'asar, kafin ka koma rumfa, ka rubuta abu uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ka bayar. Minti biyar ya isa.

Maganar aljihu ɗaya kuwa, a nan kuɗinka ke zurarewa, kuma maganinta ba ya buƙatar ilimin akanta. An yi wani gwaji a Jamhuriyar Dominikan da aka wallafa a 2014. An koya wa wasu ƙananan 'yan kasuwa lissafi irin na makaranta, wasu kuma aka ba su dokoki masu sauƙi, kamar su ware aljihun tebur biyu, ɗaya na sana'a ɗaya na gida, su kuma yanka wa kansu albashi. Masu dokoki masu sauƙin su ne tafiyar da kuɗinsu ta gyaru sosai. Kai ma ka yi haka. Ciniki duk ya shiga asusun da na'urar POS ɗinka take kai, ka buɗe wani daban na gida, kowace Juma'a ka tura wa kanka adadin da ka yanke. In na gida ya ƙare ka taɓa na jari, rubuta shi a matsayin rance, ka biya.

Sati biyun da kake yi ka bari ma ba abin mamaki ba ne. Binciken wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Phillippa Lally, a Landan ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Fashin rana ɗaya kuma ba ya rushe aikin. Kai da ka yi fashi sau ɗaya sai ka jefar da littafin.

Sannan ka sa ido a kanka, idon wani. Me ya sa ba ka fashin zubin adashe? Saboda mai karɓa zai zo ya tsaya maka a gaban jama'a. Ka samu maƙwabcin rumfa da ka yarda da shi, ku riƙa nuna wa juna littafi ran Juma'a, ko da ba zai karanta adadin ba.

Ban ce ka daina kallon bidiyon ba, wasunsu suna da amfani. Amma in ka gama kallo ba ka iya faɗin abu ɗaya da za ka yi gobe da lokacin da za ka yi shi ba, ka wuce shi. Wanda kuma ya rufe jawabinsa da lambar asusu, wai ka biya ka shiga ajinsa na sirrin arziki, kada ka biya shi daga kuɗin albasa.